Ashe mura motar take yi

Shekara huɗu ke nan da na sayi motata, Corolla ce ƙirar 2010, tokumbo da ta biyo ta Kwatano, kuma in dai maganar kula da mota ce ba na jin akwai wanda zai nuna mini yatsa a layinmu. Juye ba ya wuce lokacinsa. Filtar baƙin mai, fulogi, eya kilina, ruwan lagireto, duk akwai ɗan littafin da nake rubuta ranar da aka taɓa kowanne. Abokan aikina a Samaru har tsiya suke yi mini, wai motar ce uwargida, matar gidan amarya. To duk wannan iyayin nawa, sai a hunturun bana na san cewa akwai wata filta a ɓoye bayan durowar gaba, daidai gwiwar wanda ke zaune kusa da direba, kuma ta cikinta duk iskar da muke shaƙa take bi muddin gilashi na rufe.

A hanyar Kaduna asirin ya tonu. Ƙarshen watan Janairu ne, za mu je sunan ƙanwar uwargida, hazo ya sauko har ba ka ganin tirelar da ke gabanka sai ka kusa cin mata duwawu. Dole aka ɗaga gilashi, na kunna esi. Lamba ɗaya shiru, lamba biyu shiru. Na murɗa fanka har lamba huɗu, sai gurnani take yi kamar injin markaɗe, amma iskar da ke fitowa ba ta fi numfashin jinjiri ba. Uwargida ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, “Malam, wai warin me nake ji ne kamar an buɗe tsohon sito?” Ƙaramar ’yarmu kuwa tun daga Jaji take atishawa har muka shiga Kawo. Ni dai na yi gum, a raina ina lissafin kuɗin gas, in kuma abin ya zo da tsautsayi, kuɗin kwamfireso.

Ranar Juma’ar da ta biyo baya na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran esi a Sabon Gari. Tun kafin in kashe mota na yanke hukunci: “Maigida, gas za a ɗura.” Bai tanka mini ba. Ya kara bayan hannunsa a bakin ramin iska, ya ce in buɗe bonet, ya dafa wani kakkauran bututu da ya yi sanyi ƙalau har yana gumi, ya tsaya yana sauraron yadda kwamfireso ke kamawa yana saki. Sai ya goge hannu da tsumma ya ce, “Malam, gas ɗinka lafiya lau. Sanyin na nan, hanyar fita ce babu. Motarka mura take yi, hancinta ne ya toshe. Yaushe rabonka da canza filtar esi?”

Na ce, “Wata biyu ke nan da na canza eya kilina.”

Yaran shagon suka ƙyalƙyale da dariya. Shi kuwa murmushi kawai ya yi, ya ce eya kilina ta inji ce, ita ke tace iskar da inji ke zuƙa. Wannan ta mutane ce. Ba shi da ita a shago, ga lokacin masallaci ya gabato, sai ya ce in je in sayo in sa da kaina, ko sukundireba ba na buƙata. Na ciro wani abu zan ba shi, ya ce in bar shi, ai bai yi aikin komai ba. Mutumin da ya so, da ya ɗura mini gas a kan gas ya karɓi kuɗinsa, in tafi ina godiya. Allah ya yi masa albarka.

Kuskurena na farko garaje. Ana idar da salla na zarce wurin masu sayar da kayan gyara, na ce a ba ni filtar esi ta Corolla. Mai shago bai tambaye ni shekara ba, ni ma ban faɗa ba. Ya miƙo kwali, na biya, na jefa a kujerar baya, ina jin kaina kamar na gama aiki.

Asabar da safe na fito da ɗana na fari, ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, don ya riƙe mini fitilar waya. Wannan samfurin Corolla durowa biyu gare ta a gaban fasinja, ta sama ƙarama da ta ƙasa babba. Ta ƙasan ake saukewa. Na buɗe ta, na leƙa, ban ga alamar wata ƙofa ba. Ina cikin laluben nan ne hannuna ya faɗa kan littafin motar, wanda ya zo da ita tun daga ƙasar da aka fara hawanta, yana kwance ƙarƙashin takardun inshora da tsofaffin rasit, ban taɓa buɗe shi ba ko sau ɗaya. Can wajen ƙarshensa sai ga zanen aikin gaba ɗaya, hoto bayan hoto. Shekara huɗu ina yawo da malami a cikin durowa.

Ga yadda abin yake. Ka kashe mota ka zare makulli. A gefen dama na durowar, ta waje, akwai wani ɗan siririn hannu na baƙar roba mai kama da sirinji, shi ne ke sa durowa ta sauko a hankali maimakon ta faɗo a gwiwar mutum. Bakinsa zobe ne da ya maƙale a wani ɗan ƙaho. Turo shi za ka yi gefe ya zame. Daga nan sai ka kama bangon durowar hagu da dama ka matsa su ciki, domin akwai wasu ’yan kunnuwa biyu a baya da ke tokare ta. Suna kuɓucewa za ta sauko ƙasa gaba ɗaya.

A rubuce abu ne mai sauƙi. A aikace, robar da ta sha ranar Zariya shekara da shekaru, sannan ta kwana cikin sanyin hunturu, ba ta lanƙwasuwa da daɗin rai. Na matsa, ta ƙi. Na ƙara ƙarfi, sai na ji wani ɗan ƙas da ya sa gabana ya faɗi. Na sake ta, muka koma ciki muka sha koko, na gyara wa motar tsayuwa inda rana za ta doki gilashin gaba. Wajen ƙarfe goma robar ta yi laushi, na matsa gefe ɗaya tukuna, sannan ɗayan, sai ga ta ta sauko. Tare da ita kuma duk abin da ke ciki ya zubo ƙasa: carbi, caja biyu da suka mutu, asuwaki, katin ɗaurin auren da aka yi tun bara waccan, da wata alawa da ta narke ta manne da lasin. Littafin bai ce a kwashe kaya tukuna ba, ya ɗauka mai karatu na da hankali.

Bayan durowar akwai wani dogon murfi siriri a kwance, faɗinsa bai wuce yatsu uku ba, da ɗan maƙalli a gefe. Na danna maƙallin, murfin ya fito a hannuna. Ga gefen filtar nan yana kallona, da wata kibiya da ke nuna sama, an rubuta UP kusa da ita.

Na sa yatsu biyu na jawo ta kamar yadda ake zaro faranti daga kanta, kuma a nan na yi kuskure na biyu, don na karkata ta. Rabin abin da ke kanta ya zube cikin ramin.

Abin da ya rage a kai ma ya isa kallo. Filtar takarda ce mai ninki-ninki kamar mafici, an ce fara ce a asali, amma wannan ta koma kalar bangon tsohon soro. Kowane ninki ya cika dam da ƙura mai laushi kamar garin alkama. A samanta busasshen ganyen dogon yaro, ɓawon gyaɗa, wani abu kamar audugar katifa, da ’yan baƙaƙen ƙwayoyi da ba sai an gaya wa Bahaushe kashin wane ne ba. Ashe har ɓera ya taɓa kama haya a wurin. Yaron ya ce, “Baba, wannan muke shaƙa?” Na ce wannan shi ne abin da ba mu shaƙa ba, wanda ya samu ya wuce kuwa Allah kaɗai ya san yawansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wasu siraran ganye ne kamar allura da na gani can ƙasan ninkin, sun yi ja sun bushe. Babu bishiya mai irin wannan ganye a gidanmu, babu ita inda nake ajiye mota a wurin aiki. Motar nan mil take ƙirgawa ba kilomita ba, alamar daga Amurka ta fito. Ina kyautata zaton da wannan filtar ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano da ita, ta shigo Najeriya da ita, ni kuma na ɗora mata hunturu huɗu a kai. Wani abokin aikina da ya karanci labarin ƙasa ya taɓa gaya mini cewa yawancin ƙurar hunturun nan daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, busasshen gindin wani tsohon tafki ne, iskar arewa maso gabas ke kwaso ta ta sauke mana. Ganyen Amurka da ƙurar Chadi da kashin ɓeran Zazzau, duk a faranti ɗaya.

Da filtar ta fita sai na fahimci yadda aka tsara abin, don da fitila ana ganin komai. Iskar waje tana shigowa ta wasu ramuka da ke ƙasan gilashin gaba, inda waifa ke kwanciya. Ta sauko ta ratsa filta daga sama zuwa ƙasa. A ƙarƙashin filtar fanka take, mai kama da gangar da aka tsattsaga, ita ke zuƙo iskar ta tura ta cikin wani abu mai kama da ƙaramin lagireto, wanda masu gyara ke kira ebaporeta, a nan take yin sanyi kafin ta fito mana. To in filta ta toshe, fanka za ta yi ta ihu ba abin da za ta zuƙa. Gurnanin hanyar Kaduna ke nan.

Na ɗauko sabuwar da alfahari, na cire leda, na kai bakin ramin. Ta ƙi shiga. Na juya ta, ta ƙi. Na ɗora ta kan tsohuwar, sai ga bambanci ƙiri-ƙiri, ba tsawonsu ɗaya ba, ba kaurinsu ɗaya ba. Ta tsohuwar Corolla ce, samfurin 2003 zuwa 2008. Na ɗan yi tunanin in sa almakashi in rage ta, don na ji ana yi, amma filtar da ba ta cika gurbinta ba daidai take da ƙofar da aka kulle aka bar taga a buɗe, ƙura za ta bi ta gefe ne abinta.

Na ƙulle tsohuwar a baƙar leda, muka kama hanyar Sabon Gari da gilashi a sauke, fanka a kashe, durowa na reto a gaban yaron. A wajen Kwangila na tsaya ƙara iska a taya, mai facin ya hango ledar ya tambaya. Da ya gani sai ya ce, “Alhaji, kawo in hure maka ita, yanzu za ta koma sabuwa.” Haka mutane da yawa ke yi, kuma ban ga laifin wanda aljihunsa ya yi masa iyaka ba. Sai dai iskar injin faci tana da ƙarfin da ke yayyaga zaren takardar, ramukan su buɗe, ƙura mai laushin nan da ake gudu ta riƙa wucewa salin-alin. Wanki da ruwa kuma ya fi muni, takardar saki take yi, in ba ta bushe sosai ba ta yi funfuna. In filta ba ta tsufa ba, ana iya kife ta a ɗan bubbuga a hankali ganye ya zube. Tawa ta wuce nan, jana’iza kawai take jira.

Mai shagon bai yi gardama ba, tun da ban yaga kwalin ba. Ya karɓi tsohuwar ya jujjuya, ya ce da na zo da ita tun jiya da ban sha wahala ba. Ya nuna mini cewa lambar irin wannan filtar ta Toyota da 87139 take farawa, kuma ita ce dai ke shiga wasu Camry da RAV4 na shekarun, shi ya sa ba ta wuyar samu. Ya ajiye mini iri biyu. Ɗaya fara sol, takarda zalla. Ɗaya toka-toka, ta fi nauyi, an cusa garin gawayi na musamman a tsakanin zarenta, shi ne ke kama wari, irin hayaƙin tirela da na bola da ake ƙonawa a bakin titi. Ta fi tsada. Na ɗauki mai gawayin saboda ’yar nan mai atishawa, duk da na san ba ta tare mugun hayaƙin salansa mai kisa wanda ba shi da wari, wannan sai dai a gyara salansa in tana yoyo. Na ɗaga ta sama na duba ninkin a jere yake, gefunan a manne suke da kyau, na ɗora ta kan tsohuwar suka yi daidai kamar tagwaye. Cikon da na yi bai kai kuɗin man da nake ƙonawa a mako ɗaya ba.

Muka dawo gida bayan azahar. Sauran dattin da na zubar cikin fanka. Hannuna ya ƙi shiga ramin, na yaron ne ya shiga, ga makulli a aljihuna kada tsautsayi ya sa fanka ta juya. Ya riƙa tsamo ganye ɗaya-ɗaya, ni ina haska masa, sannan muka naɗa ɗanyen tsumma a jikin sanda muka goge bangon gurbin. Na zagaya waje na share ramukan ƙasan gilashi, su ma sun cika da ganye, don a gindin dogon yaro motar ke kwana tun da na saye ta.

Sai batun kibiya, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Sabuwar ma tana da kibiya a gefe. Na juya ta tana kallon sama kamar yadda na tarar da tsohuwar, na tura, ta shige sumul. Har na ɗauko murfi sai yaron ya ce, “Baba, wannan fa ba UP aka rubuta ba.” Na karɓi fitila na duba. AIR FLOW aka rubuta. Kibiya iri ɗaya, magana daban. Ta kamfanin motar cewa take yi nan ne sama, a ajiye ni haka. Ta ’yan kasuwa kuwa cewa take yi ga inda iska ta nufa. Tun da a wannan motar iska daga sama take saukowa zuwa fanka, kibiyar AIR FLOW ƙasa za ta kalla. Ban yarda da kaina ba sai da na koma kan tsohuwar: duk dattin a fuskarta ta sama yake, ta ƙasa da sauran haske. Shaida ke nan cewa ta sama iska ke shigowa. Na zaro, na kifa, na mayar. In an sa ta a juye ba abin da zai fashe, iska za ta fito, shi ya sa mutum zai yi shekara bai sani ba. Amma masu hawa-hawa irin mai gawayin nan an jera su ne yadda fuska ɗaya za ta fara tare manyan datti, in aka juya ta sai ta riga lokacinta toshewa.

Kafin in rufe na sa biro na rubuta kwanan wata da lambar mil a gefenta. Murfi ya koma da ɗan ƙas ɗinsa. Na ɗaga durowa, na matsa bangonta kunnuwan suka shige, na rufe, na buɗe don gwaji, sai ta faɗo tim. Na manta da ɗan sirinjin. Na durƙusa na jawo shi na maƙala a ƙahonsa.

Na tayar da mota, na murɗa fanka lamba ɗaya. Iska ta doki fuskata, irin wadda da sai a lamba huɗu nake samun rabinta. Na kai lamba uku, sai ga tak-tak-tak daga bayan durowa, kamar yaro ya maƙala kwali a sifokin keke. Wani ganye ya tsere mana. Muka sake sauke komai, wannan karon ko minti uku ba mu yi ba, yaron ya tsamo shi a maƙale cikin haƙoran fanka. Da muka mayar sai shiru, sai iska. Uwargida ta fito ta zauna a gaba, ta shaƙa, ta ce warin siton ya ragu amma da saura. Gaskiyarta ce, sai da aka yi kwana uku ina kunna fanka gilashi a buɗe kafin ya tafi gaba ɗaya.

Masu ƙera motoci galibi suna cewa a canza ta tsakanin kilomita 15,000 zuwa 30,000, ko shekara-shekara, kuma su da kansu suna ƙarawa da cewa in wurin mai ƙura ne a gaggauta. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa bin bayan tifa a hanyar Basawa cikin watan Disamba ba. Ni na sa wa kaina duba biyu: ɗaya in hunturu ya ɗaga kafin zafin bazara ya sa a dogara da esi, ɗaya bayan damina, don laima ce ke sa ta wari, kuma toshewarta ce ke hana gilashi washewa in ya yi hazo ana ruwa. Na kuma koyi amfani da maɓallin nan mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya a ciki, wanda ke rufe ƙofar waje ya riƙa juya iskar cikin mota. In na shiga ƙura ko na biyo babbar mota sai in danna, in hanya ta washe in saki, don in aka daɗe a haka mota cike da mutane iskar nauyi take yi, barci ya fara fizgar direba.

Da la’asar ɗin ranar Asabar ɗin nan maƙwabcina ya leƙo, ya ga tsohuwar filtar a bakin ƙofa inda na ajiye ta kamar kan kura. Camry gare shi, shi ma tasa fankar ta daɗe tana gurnani. Na ce ya kawo ta, ai yanzu ni ma oga ne. Muka kwashe kayan durowa tukuna, na zame sirinji, na matsa bango, na cire murfi, na sa yatsu zan jawo.

Babu komai a ciki. Rami ne fayau. Wani ya taɓa cire ta ya yar, wataƙila don iska ta ƙaru, bai mayar da wata ba. Na tuna abin da dattijon Sabon Gari ya faɗa ina shirin tafiya, cewa motar da ke yawo ba filta ƙurar kai tsaye take zuwa ta manne a ebaporeta, shi kuma kullum a jiƙe yake, sai ta zama laka, kuma wanke shi sosai sai an sauke dashbod gaba ɗaya, aikin yini guda. Na haska masa fitila ya leƙa, haƙoran fankar sun yi kauri da jar ƙasa kamar an yaɓe su.

Ya daɗe a durƙushe yana kallo, sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, “Malam, mutumin nan naka yana buɗewa ranar Lahadi?”